BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

In akwai tsoho ko tsohuwa kwance a gidanku, wannan 'yar takarda taka ce. Ka karanta ta a hankali. Da dare kuma, bayan an ci tuwo, ka karanta wa mutanen gida, gama maganar da ke ciki ta shafi mata ƙwarai.

Ga tambayar da za mu duba. Mutum yana da uwa ko uba da ba ya iya tashi, sai tafiya mai nisa da wuya ta taso masa. Ya tafi, ko ya zauna? In ya tafi, ya yi zunubi? In ya zauna, ya cika adalci ke nan? Wannan tambaya ta taɓa zuwa har ƙofar ɗakina, saboda haka bari in gaya maka yadda ta zo.

Saƙo daga Abzin

Sa'ad da nake yaro, kowace shekara bayan girbi ayarin Abzinawa yakan sauka a gonar mahaifina, arewa da Tasawa. Sukan zo da kantun gishirin Balma da dabino, su sayi hatsi. Raƙumansu su ci kara, su bar mana taki. Hanyar nan tsohuwa ce. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, ayarin gishiri ya biyo daga Abzin har ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851.

Ɗaya daga cikin mutanen ayarin ya zama abokin mahaifina. Shi Musulmi ne, mahaifina mai bi ne, amma ƙwarya ɗaya suke shan fura. Farin 1984 ya kashe raƙumansa. Daga nan ba mu ƙara ganinsa ba.

Bayan shekara wajen 40, wani yaron garinmu da ya je cin rani a garaken albasa na Abzin ya dawo mini da saƙo. Tsohon yana nan da rai, ya makance, yana zaune a bisa dutsen Bagazam. Ya ji labarin rasuwar mahaifina. Yana so ɗan abokinsa ya zo ya riƙe hannunsa kafin ya mutu.

Zumunta a ƙafa take, haka muka ji daga bakin iyayenmu. Amma a lokacin nan mahaifiyata ta shekara 3 kwance da shanyewar ɓarin jiki.

Dutsen da hanyarsa

Mu mutanen Tasawa da Mayahi 'yan ƙasar rairayi ne. Da yawa cikinmu ba mu taɓa hawan abin da ya fi rumbu ko gawo tsawo ba. Saboda haka bari in faɗa maka irin wurin da aka kira ni.

Daga Tasawa zuwa Damagaram ya fi kilomita 100. Daga Damagaram, ta Tanut, zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne. Daga Agadas kuma sai a nufi Tabelot, fiye da kilomita 100 bisa hanyar duwatsu da ƙoramu. A nan ne dutsen yake tsaye kamar ganuwa. Tsofaffin hanyoyin hawansa hanyoyin ƙafa ne da jaki. A can bisa akwai ƙauyuka da maɓuɓɓugan ruwa, ana noman albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa. Ƙololuwarsa, wadda Abzinawa ke ce wa Idukal-n-Tages, ta kai mita 2,022 bisa bakin teku. Ba wani wuri a ƙasar Nijar da ya fi ta tsawo. Tasawa kuwa wajen mita 400 take.

Mene ne tsawon nan yake yi wa jiki? Abu biyu. Na fari, sanyi. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Watau a ƙololuwa sanyi ya fi na garinmu da wajen digiri 10. A watan Disamba da Janairu, wani lokaci har ruwa yakan daskare da dare. Na biyu, iska. In ka hau mita 2,000, iskar da kake shaƙa ta ragu da kusan kashi 1 cikin 5. Ƙirjinka ya cika kamar kullum, amma abin da ya shiga jini bai kai na gida ba. Shi ya sa mai ƙarfi yakan yi haki a inda yaron wurin yake gudu da tulu.

Likitoci sun ce ciwon tsawo na ainihi yakan fara ne daga mita 2,500 zuwa sama. Bagazam bai kai nan ba. Amma akwai duwatsun da suka wuce. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000. Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya mita 5,895 ne. Wanda Allah ya kai shi irin waɗannan wurare, sai ya san alamun ciwon: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rashin barci. In sun zo, kada ya ƙara hawa. In ya fara haki ko a zaune, ko yana tangaɗi kamar mai maye, a sauko da shi nan da nan, ko da tsakar dare ne. Mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mai amosanin jini wanda ake ce wa sikila, kada su hau ko Bagazam sai sun ga likita tukuna. Mai sikila musamman, gama ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa su ne ke ta da ciwonsa.

Na ji duk wannan, na shiga shiri. Na bar damina ta wuce, gama a watan Yuli zuwa Satumba ƙoramun Abzin sukan kawo ruwa farat ɗaya su yanke hanya. Mako 6 ina tashi da asuba, in ɗauki tiya 3 na hatsi a buhu, in hau jigawa in sauka har rana ta fito. Na sayi rufaffen takalmi, na yi ta yawo da shi don kada ya ci mini ƙafa a dutse. Na tanadi bargo 2, da rawani, da jarkar ruwa, da gumba da ƙuli-ƙuli. Na yi waya an samo mini ɗan wurin da zai yi mini ja-gora, gama baƙo ba ya shiga Abzin shi kaɗai, kuma sai an tambayi lafiyar hanya kafin a tashi. Na ga kamar na gama.

Gorar da na manta

Saura kwana 10 in tashi, ina zaune ina ɗaure kaya, uwargidana ta zo ta durƙusa gefe. Ta ce, “Malam, na ga ka lissafa kwanakin hanya. Ka lissafa wanda zai taya ni ɗaga Inna?”

Na ce, “Ai kin saba.”

Ta yi shiru. Can ta ce, “Na saba. Bayana ne bai saba ba.”

A daren nan ban yi barci ba. Na kasa kunne, na ƙirga. Sau 4 ta tashi ta shiga ɗakin Inna. Ta juya ta, ta sake mata zane, ta ba ta ruwa. Da asuba ta fita da wanki kafin ta hura wuta. Ashe haka take yi shekara 3, ni kuwa ina kwance ina tsammani ni ne mai jinyar uwata, don ni ke sayen magani. Sai na tuna iyayenta suna can ƙasar Mayahi, kusa da Kanambakashe, tafiyar da ba ta kai yini ba. Tun da Inna ta kwanta ba ta je ganin gida ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ga ni ina shirin tafiyar da ta fi kilomita 600 domin zumunci.

Ɗan'uwa, ka ga inda tambayar ta juya? Da ina tambaya ko ya halatta in bar mahaifiyata. Yanzu sai na ga akwai wata tambaya a gabanta: wa zan bar wa kayan, ya kuwa yarda?

Abin da muka gani cikin Littafi

Waɗansu sukan ce, in dalilin tafiya mai kyau ne, sai a tafi kawai, Allah zai lura da gida. Mu yi hankali da wannan magana. A cikin Markus sura 7, Ubangiji Yesu ya tsauta wa Farisiyawa saboda irin wannan dabara. Sun koya wa mutane cewa in mutum ya keɓe dukiyarsa da sunan Allah, ya kuɓuta daga taimakon iyayensa. Yesu ya nuna musu sun rushe umarnin Allah ne da al'adarsu. In sunan Allah ma bai isa ya zama hujjar yar da iyaye ba, ina ga zumunci, ko neman kuɗi, ko sha'awar ganin ƙasa?

Waɗansu kuma sukan ce, mai tsoho a gida kada ya ɗaga ƙafa har sai ya binne shi. Wannan ma ba mu same shi ba. Dubi Dawuda. Sa'ad da Saul yake farautarsa, ba shi da wurin kwana sai kogo da jeji, bai ja tsofaffin iyayensa cikin duwatsu ba, bai kuma bar su a Baitalami ba a inda za a iya kama su. Ya kai su ƙasar Mowab, ya roƙi sarkin wurin ya riƙe su, sa'an nan ya tafi. Dubi Musa. Kafin ya hau Dutsen Sina'i ya tara dattawa, ya nuna musu Haruna da Hur, domin mai ƙara ya san wurin zuwa. Dubi Ubangijinmu kansa. Yana bisa gicciye, cikin azaba, ya ga mahaifiyarsa tsaye, ya danƙa ta a hannun Yohanna. Daga ranar nan Yohanna ya kai ta gidansa.

Su uku ɗin nan duka sun tafi. Ba ko ɗaya cikinsu da ya ce, “Wani zai lura.” Kowanne ya nuna takamaiman mutum, mutumin kuma ya karɓa. Gama kayan da aka bar wa kowa, a kan mafi rauni yakan faɗi. A gidajenmu kuwa mun san ko wace ce: matar ɗa, ko 'yar da aka fitar daga lakwal don ta yi jinya.

Wani zai ce, ai akwai mutumin da ya roƙi Yesu ya bar shi ya binne mahaifinsa tukuna, Yesu bai bar shi ba. Gaskiya ne. Amma wannan kira ne daga bakin Ubangiji kansa zuwa ga mutumin. Kada mu ɗauki kowace tafiya da ranmu yake so mu sa mata rigar kiran Ubangiji. Tun da aka sami zinariya a Jado a 2014, samari nawa ne daga ƙauyukanmu suka nufi arewa? Waɗansu talauci ne ya kore su, sun kuma aiko da abin da ya ciyar da gida. Ba mu hukunta su ba. Amma akwai waɗanda warin ɗakin mai ciwo ne ya kore su. Kowa ya binciki zuciyarsa. Tambayi kanka haka: da tsohon nan yana da garken shanu da zai raba gobe, da zan yi wannan tafiya yanzu?

Shirin gida

Na ɗaga tafiyata da mako 3. Ga abin da muka yi. Watakila zai taimake ka.

1. Na kira 'yan'uwana. Ina da ƙanne mata 2, ɗaya tana aure a Maijirgi, ɗaya a Korgom. Na je da kaina na roƙi mazajensu. Kowacce ta zo ta kwana 8. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ka aika a waya ka ce “a zo a duba Inna.” Ka faɗi rana, ka faɗi kwana nawa, ka biya kuɗin mota.

2. Na koyi aikin. Ɗa namiji ba ya yi wa uwarsa wanka, wannan kunya ce mai kyau. Amma kunya ba ta hana shi ɗaga ta, ko ɗebo ruwa, ko faskare, ko zama wurinta da dare don mata su runtsa. Uwargidana ta koya mini, ni kuma na koya wa babban ɗana. Mai shanyewar jiki ana juya shi kowace awa 2, in ba haka ba gyambo ya fito a ƙugu da duwawu da diddige, gyambon kwanciya kuwa yana da wuyar warkewa. Ba a ba shi abinci a kwance. A zaunar da shi, a ba shi kaɗan kaɗan, don kada ya shaƙe.

3. Na sayi maganin hawan jini na wata 2, ko da yake tafiyar ba za ta kai wata ba. Wannan magani ba a tsayar da shi don mai ciwo ya ji sauƙi. Na nuna wa mutum 2 yadda ake ba da shi.

4. Na auna hatsi, na tara itace. Na ware kuɗi dabam a hannun wani dattijon ikkilisiya, na amalanke da na mota da na likita, in ta kama a kai ta Tasawa. Kuɗin nan na fitar da shi ne kafin kuɗin hanyata. In kuɗinka bai isa duka biyu ba, bai isa tafiya ba ke nan.

5. Na gaya wa Zumuntar Mata. Suka raba kwanaki, kowace yamma mace ɗaya ta zo ta yi daka ko wanki. Maƙwabciyarmu Musulma ma, da ta ji, ta ce a sa ta cikin lissafi.

6. Na faɗi ranar dawowa. Ka tuna, ko Haruna da aka bar wa jama'a ya kasa riƙe su sa'ad da suka ga Musa ya daɗe a kan dutse. Mai riƙon amana yana iya jimre kwana 16 in ya san 16 ne. Abin da ke karya shi, shi ne “sai na dawo.” A cikin duwatsu ba ko'ina waya take kamawa ba, saboda haka muka shirya ranakun da zan nemi wurin kira.

Maganar da ta fi wuya

Saura abu ɗaya da kuɗi ba ya shiryawa. In ta mutu ina can fa?

Yawancinmu mukan yi shawarar mai ciwo a bayan ɗakinsa, kamar ya riga ya mutu. Wannan ba daidai ba ne. Jikinsa ne ya shanye, shi yana nan. Na shiga ɗakin Inna, na zauna ƙasa, na gaya mata duka. Na ce, “Inna, in kin ce in zauna, na zauna.”

Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba. Harshenta kuma ya yi nauyi, sai an kasa kunne. Ta daɗe tana dubana. Sa'an nan ta ce, “Mutumin nan, shekarar da aka haifi ƙanwarka rumbunmu ya ƙone. Shi ya sauke buhu 2 daga raƙuminsa, bai karɓi ko dala ba. Ubanka ya mutu da wannan bashi a zuciya. Tafi. In na riga ka, a binne ni, kada a jira. Ai mun san inda za mu gamu.”

Ban taɓa jin labarin buhu 2 ɗin nan ba sai ran nan. Da ban tambaye ta ba, da ta tafi da shi kabari.

Amma ka ji wannan da kyau. Da ta ce in zauna, da na zauna, in aika wa tsohon da saƙo da goro. Da likita ya ce kwanakinta sun ƙare, da ban tambaya ba ma. Da ƙannena sun kasa zuwa, da tafiyar ta fasa. Dutse ba ya gudu. Ba kowane kira mai kyau ne za ka iya amsawa ba, Allah kuwa ba ya bin ka bashin abin da ya fi ƙarfinka.

Na tafi. Hawan ya ci mini kusan yini guda, ina tsayawa ina haki, yaron da ke kora jakin yana jirana yana dariya. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Na iske tsohon a bakin bukkarsa, lulluɓe da bargo. Ya shafa fuskata da hannunsa, ya ce hancin ubana ne. Na kwana 3 wurinsa. Na ba shi gaisuwar Inna, na ambaci buhu 2. Ya ce shi bai tuna ba.

Ran kwana 16 na shigo gida. Na iske Inna da rai, ba gyambo ko ɗaya a jikinta. Bayan mako guda na sa uwargidana a mota zuwa Kanambakashe, ta yi kwana 10 a gidansu. Ni da 'yata da matan zumunta muka riƙe ɗakin. A cikin kwana 10 ɗin nan na san lalle hawan Bagazam bai kai wannan aiki wuya ba.

Kai fa?

Watakila kai ba za ka taɓa hawan dutse ba. Amma tafiya za ta zo maka, ko cin rani, ko taron ikkilisiya a Maraɗi, ko karatu, ko biki a nesa. Kafin ta zo, ka yi abu ɗaya yau da dare. Kada ka yi barci da wuri. Ka kasa kunne, ka ƙirga sau nawa ake tashi domin mai ciwon gidanku, ka ga kuma wane ne yake tashi. Da safe ka tambaye ta yaushe rabonta da ganin gidansu.

Ke kuma 'yar'uwa mai jinya, in an karanta miki wannan, ki sani gajiya ba zunubi ba ce. Ki faɗa. Ki gaya wa maigidanki, ki gaya wa matan zumunta. Wanda ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yohanna ya ga kowane dare da kika tashi.

Ku dattawan ikkilisiya, in ɗan'uwa ya zo sallama zai yi tafiya, kafin ku yi masa addu'ar hanya ku tambaye shi wa ya bar wa tsohuwarsa. In ya ce “suna nan,” ku ce ya faɗi suna.

Allah ya kai mai tafiya lafiya, ya ba mai jinya ƙarfi, ya kuma sa a iske juna da alheri. Amin.